Rifita biyu, turke ɗaya: yadda ake haɗa ta ko-ta-kwana

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni nake kula da rediyoyin oba-oba na masu gadin wata babbar gona a kan hanyar Shika zuwa Giwa, ofishinmu kuma yana Samaru. Muna da rifita guda ta zangon mitocin VHF mai wat 50, eriyarta tana kan turke mai ƙafa 100. A daminar da ta wuce sau biyu tana tsayawa, na biyun har kwana tara babu magana. Yanzu maigida ya sayo wata iri ɗaya sak, ya ce in haɗa ta yadda da zarar ta farko ta tsaya wannan za ta ɗauka da kanta. Ta ina zan fara? Kuma zan iya barin su duka a kunne a kan eriya ɗaya?

Amsa: Malam, barkanmu dai. Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce mai saurin jawo asara. A'a. Kada ka sa mahaɗi mai baki uku ka raba musu kebul ɗaya kamar yadda ake raba wayar dish tsakanin ɗaki da falo. Rifita aikinta ta ji raunanniyar magana a wata mita, ta sake watsa ta da ƙarfi a wata mitar, kuma kunnenta an yi shi ne don siginar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na wat ba. Ka kwarara masa wutar maƙwabciyarsa kai tsaye, ka ƙone shi. Ko da kowace da eriyarta, in suka yi watsi tare a mita ɗaya, mai gadin da ke bakin gona fito da ƙugi zai ji in tsarinku analog ne, in kuma dijital ne maganar ta dinga yankewa ko ta ɓace ɗungum. Duk abin da za mu tsara a ƙasa, ginshiƙinsa ke nan: a kowane lokaci guda ɗaya ce tak take da izinin magana.

To amma akwai abin da ba ka gaya min ba, kuma shi na fi son ji. Me ya kashe ta sau biyun nan? Na tambaya ne saboda a shekarun da na yi ina hawa turaku a ƙasar Zazzau, ba kasafai nake samun rifita ta mutu don kanta ba. Wuta ce, ko tsawa, ko ruwa ya shiga bakin kebul, ko zafi ya dafa batir. In ɗaya daga cikin waɗannan ne ya same ku, sabuwar da maigida ya sayo za ta zauna kusa da tsohuwar ne su mutu tare. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka kafin ka taɓa sukundireba, ɗauki takarda da biro. Zana hanyar da magana take bi tun daga eriya: kebul ɗin da ya sauko, makarin tsawa, difleksa (gwangwanayen nan da ke ba rifita damar ji da watsi a eriya guda), sannan rifitar. Zana hanyar wuta kuma: mita, canji-oba, caja, batir, fis. Duk abin da rifitocin biyu za su yi tarayya a kansa, zagaye shi da jan biro. Kowane jan da'ira wuri ne da in ya lalace, samun rifita biyu bai amfane ka da komai ba.

Lissafin ma mai sauƙi ne. Na'urar da take aiki kashi 99 cikin 100 na shekara, tana kwance kenan kwana uku da rabi da ɗoriya. In ka sami biyu irinta waɗanda babu abin da ya haɗa su, sai an yi rashin sa'a duka sun kwanta lokaci guda, wato kashi 99.99, abin da bai kai awa ɗaya ba a shekara. Wannan lissafin ne masu sayar da kaya suke nuna wa iyayen gidanmu. Abin da ba sa ƙarawa shi ne, in duka biyun suna shan wuta daga layin da ke tsayawa kashi 2 cikin 100, to kwana bakwai na shiru yana nan daram, ko rifita goma ka jera.

Na ga wannan da idona a wani wuri can bayan Basawa, a farkon wata damina, cikin watan Mayu. Rifita biyu sababbi, an jera su a kan kanta ɗaya tsaf-tsaf, an haɗa komai daidai yadda littafi ya ce. Da safe aka kira ni. Ina buɗe ƙofar ɗakin ƙauri ya dake ni. Makarin tsawa yana nan a jikin kebul, amma wayar da ya kamata ta kai shi ƙasa siririya ce, an naɗe ta a jikin wani ƙarfen rodi da aka soka a gindin katanga, na sa hannu na ja sai ga shi ya taso. Tsawar da ta rasa hanya sai ta bi ta cikin rifita ta farko, ta ƙetara ta 'yar wayar da ke haɗa su, ta fita ta soket ɗin ta biyu. Fanka ɗaya ce kawai ta tsira a ɗakin.

Don haka atin, wato haɗa kaya da ƙasa ta waya, shi ne aikinka na farko, ba saitin kwamfuta ba. Turke, makarin tsawa, jikin rifitocin, kantar da suke kai, batir da wutar da ta shigo daga waje, duka su haɗu a farantin tagulla ɗaya a inda kebul yake shigowa ɗaki, daga nan waya mai kauri, gajeriya, marar lanƙwasa ta sauka ƙasa. Abin da ke ƙona kaya shi ne bambancin ƙarfin wuta tsakanin atin biyu da ba a haɗe suke ba. A wuraren sadarwa ana neman awon atin ya sauka ƙasa da om 5, in ya gagara kada ya haura 10. Kuma lokacin awon yana da muhimmanci a nan yankinmu. Jar ƙasar marmara in ta sha ruwan Agusta kowane rodi zai ba ka lamba mai kyau. Ka auna a Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, domin hadarin farko mai yawan tsawa a kan wannan busasshiyar ƙasar yake sauka. Gawayi da gishirin da masu wayarin suke zubawa a rami yana taimakawa na ɗan lokaci, sai dai gishirin yana cin ƙarfen, ruwa kuma yana wanke shi. Sanduna da yawa a warwatse, a haɗe da juna, sun fi sanda guda da buhun gishiri.

Yanzu mu zo kan ita ta biyun. Ni da liman da na'ibi nake kwatanta wa yarana. Akwai na'ibin da yake gida, sai an aika an taso shi: wannan ita ce rifitar da aka saita aka ajiye a kashe, ba wuta ba eriya, sai mutum ya zo ya sauya kebul. Akwai kuma na'ibin da yake sahun farko da alwalarsa, liman na samun uzuri ya matsa gaba: wannan ita ce wadda take kunne, tana shirye, an dai hana ta watsi. Maigida na biyun yake so. Amma kada ka raina na farkon. Rifitar da ba a haɗa ta da komai ba tsawa ba ta da hanyar isa gare ta, kuma in akwai mutum a wurin dare da rana wanda aka koya wa sauya kebul biyu, minti biyar ya isa. In turkenku a cikin gonar yake kusa da ɗakin masu gadi, ka yi tunani a kan wannan sosai kafin ka kashe kuɗi. In kuwa sai an taso daga Samaru cikin dare a bi hanyar Giwa, to babu zancen jira, a haɗa mai ɗauka da kanta.

Matakin farko, su zama tagwaye a ciki kamar yadda suke a waje. Karanto saitin tsohuwar a kwamfuta, ka ajiye fayil ɗin wuri biyu. Mitar ji da mitar watsi, faɗin tasha, ƙarfin watsi, tsawon lokacin da take riƙe layi bayan an saki maɓalli, duk su zama ɗaya. In analog ne, sautin CTCSS, wato ɓoyayyen sautin da rifita take gane rediyoyinku da shi, ya zama ɗaya. In dijital ne irin DMR, lambar da take wannan aikin, wato lambar launi, wadda take tsakanin 0 da 15, ta zama ɗaya, haka ma duk wani saitin da ke tantance rediyon da aka yarda ya shiga. Duba manhajar da ke cikin na'urorin ita ma, domin sabuwar da ta fito daga kwali sau da yawa manhajarta ta wuce ta tsohuwar da zubi biyu ko uku, a daidaita su. Abu biyu ne kawai za su bambanta in kuna haɗa rifitocin da intanet: lambar shaidar kowace, da adireshin IP. Sannan ka kafa wa kanka doka: duk ranar da ka canja wani abu a ɗaya, ba ka barin ɗakin sai ka canja a ɗayar. Na taɓa zuwa inda na'ibiya ta ɗauka lafiya lau, fitilunta kore shar, amma babu rediyon da yake jin ta, saboda wata shida da suka wuce an canja lambar launi a ta farko an manta da ita.

Mataki na biyu shi ne wayar da za ta gaya wa ta biyu cewa lokacinta ya yi. Rifitocin sana'a, irin na Motorola da Hytera da Kenwood, suna da soket mai filoli da yawa a baya, kuma a manhajar saiti kai kake zaɓa wa wasu daga cikin filolin aikinsu. A ta farko ka ware fil guda ya zama mai fitar da ƙararrawar babbar matsala. A ta biyu ka ware fil guda ya zama mai karɓar umarnin hana aiki. Ka haɗa su da waya, tare da wayar ƙasa ta tarayya. Muddin ta farko tana lafiya, tana riƙe da ta biyu a ɗaure. Ta sami matsala, ta sake ta. Sunan filolin da lambarsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka littafin taka na'urar za ka buɗe, kada ka kwafi lambar fil daga bakin wani.

A nan ne mafi yawan masu haɗawa suke faɗawa rami, don haka bari in ɗan tsaya. Hanya biyu ce ake iya saita wannan waya. Ko dai ta farko ta yi shiru in tana lafiya, ta yi ihu in ta sami matsala. Ko kuma ta dinga cewa “ina nan” ba fasawa, shirunta ya zama shi ne alamar matsala. Hanyar farkon tana da kyau a ido, amma ka tambayi kanka: in fis ɗin rifitar ya ƙone, ko wutar cikinta ta mutu gaba ɗaya, da wane bakin za ta yi ihun? Gawa ba ta kiran a kawo ɗauki. Rifita ta biyu za ta zauna tana jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba. Saboda haka saita filolin ta yadda lafiya ita ce take riƙe layin. Galibi wannan yana nufin ta farko tana jan layin zuwa ƙasa in tana lafiya, in ta mutu ko ta ga matsala layin ya saku ya tashi, ta biyu ta farka. Kada ka yarda da abin da allon kwamfuta ya nuna maka kawai. Sa mitar awo a kan fil ɗin, ka zare wa ta farko wuta ɗungurungum, ka ga abin da layin ya yi da idonka.

Wannan tsari yana da nasa farashin, gara ka san shi tun yanzu. In wani ya tsinke 'yar wayar ko ɓera ya ci ta, ta biyu za ta ɗauka ta farko ta mutu, ta tashi, alhali waccan tana nan tana aiki. Liman biyu a salla ɗaya kenan. Maganinsa wayar ta zama gajeriya, mai sulke, a ɗaure bakinta da noti, a bi da ita inda ƙafa da tsintsiya ba sa kaiwa.

Sai kuma ka zaɓi abin da ya cancanci a kira babbar matsala, in na'urarka ta ba ka zaɓi. Mutuwar sashen watsi, mutuwar sashen ji, lalacewar wutar ciki, waɗannan a sauya nan take. Amma ɗaukewar wutar gari ba dalilin sauyawa ba ce, tunda batir yana nan. In ka sa ta a jerin, a Zariya rifitocinka za su wuni suna miƙa wa juna aiki kamar masu wasan langa. Haka kuma ina ba ka shawara kada ka bari aiki ya koma kan ta farko da kansa. Ka ɗauka zafi ne ya tsayar da ita da azahar a watan Afrilu. Ta huce, ta karɓi aiki, ta sake zafi, ta sake saki, kowane sauyi kuma yana yanke maganar wani. In an sauya, a zauna a kan ta biyu har sai mutum ya zo ya ga dalili ya mayar da hannunsa.

Eriya kuma hanya biyu ce, kuma aljihun maigida ne zai raba gardama. Mai araha ita ce eriya ɗaya da difleksa ɗaya, a sa rile, wato makunnin da wuta ke juyawa, na musamman na kebul ɗin rediyo mai om 50, ɗaya a ɓangaren watsi ɗaya a ɓangaren ji, waɗanda layin ƙararrawar nan zai juya. Ba rilen mota ba, don Allah, na ga an gwada. Ka haɗa shi ta yadda sai da wuta yake riƙe ta farko a kan eriya, in wutar ta yanke ya faɗa kan ta biyu da kansa. Wadda aka cire daga eriya kuma kada a bar bakin watsinta a buɗe, a toshe shi da eriyar bogi mai om 50 wadda za ta iya shanye wat 50, domin in ta yi watsi cikin kuskure kada wutar ta dawo ta ƙone ta. Fa'idar wannan tsari, ko 'yar wayar ta tsinke guda ɗaya ce za ta fita iska. Aibinsa, eriya da kebul da difleksa duk suna cikin jan da'irarka, ga shi ka ƙara rile, wanda shi ma yana iya maƙalewa.

Mai tsada ita ce kowace da eriyarta, da kebul ɗinta, da difleksarta. Ni wannan nake zaɓa duk inda kuɗi ya kai, domin a ƙwarewata abin da ke saman turke ya fi abin da ke cikin ɗaki lalacewa. Ka sa ɗaya a ƙololuwa, ɗayar a ƙasanta, a tsaye a layi ɗaya da tazara mai kyau, saboda eriyoyin da ke saman juna sun fi waɗanda ke gefen juna rashin damun juna. Ta ƙasan ba za ta kai nisan ta saman ba. Ka zagaya da rediyo ka san inda take tsayawa tun kafin ranar buƙata. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce galibi, amma duwatsu irin Kufena suna yin inuwar da sigina ba ya shiga, kwari da bakin rafi ma haka.

Ko wacce ka zaɓa, sayi mitar SWR, mai auna wutar da ke dawowa daga eriya, ka rubuta awon ranar farko a bango. Awon 1.5 yana nufin kusan kashi 4 cikin 100 na wutar ne yake dawowa, babu laifi. A 2 ya kai kashi 11, a 3 kuwa rubu'in wutarka ne yake komowa cikin na'ura. In lambar ta fara hawa bayan ruwan farko, kusan kullum ruwa ne ya shiga mahaɗin da ke sama. Salatif ɗin lantarki shi kaɗai ba ya jure ranar Zariya, shekara guda ya saki. A fara naɗe mahaɗin da roba mai narkewa ta manne da kanta, sannan salatif a kai.

Akwai cutar da ƙararrawa ba ta cika gani ba: kurumta. Rifita tana kunne, tana watsi da ƙarfinta, babu jar fitila ko ɗaya, amma kunnenta ya yi nauyi, na kusa kawai take ji. Ita a ganinta lafiyarta ƙalau, don haka ba za ta saki ta biyu ba. Abu biyu nake yi wa wannan. Na ɗaya, makunni na hannu a jikin bango, an rubuta 1 da 2 da babban baƙi, wanda shugaban masu gadi zai iya juyawa ba sai ya kira ka ba. Na biyu, gwajin murya kullum safe da yamma daga wurin gadi mafi nisa, ba daga bakin ofis ba. Sannan dole sauyin ya yi ƙara. In ta biyu ta ɗauka shiru babu wanda ya sani, za ku yi wata uku kuna tafiya a kan safaya kuna zaton tayoyinku biyar ne. Jar fitila da 'yar ƙararrawa a ɗakin masu gadi sun wadatar, in da hali a ƙara 'yar na'ura mai layin waya da za ta turo maka saƙo.

Wuta. Rifitocin wannan aji galibi suna karɓar bolt 12 kai tsaye, to ka ba su daga batir, kada ka bi ta inbata. Inbata tana cin nata kason, tana ƙara abin da zai lalace, masu arahar kuma suna fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen VHF. Wasu na'urorin cajin sola ma haka suke. Gwajin ba wuya: sa wani ya yi magana daga nesa inda murya take da ɗan shuu, ka kashe na'urar cajin, in muryar ta washe ka kama ɓarawonka.

Ga yadda nake lissafin batir, ka sa lambobin da ke littafin taka a madadin nawa. A ce tana jan amfiya 10 in tana watsi, amfiya 1 in tana saurare, kuma ana magana kashi ɗaya cikin biyar na lokaci. Matsakaici ya kama 2.8. Ƙara 1 na wadda take jira, da rabi na rile da fitilu, ya zama 4.3. A awa 24 kana buƙatar abin da ya ɗan haura 100Ah, wato amfiya sau awa, awon da ake rubutawa a jikin batir. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka 200Ah ne zai ba ka kwana ɗaya cur babu wuta babu rana. Na lithium irin LiFePO4 ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye, ya kuma fi jure yawan caji da saukewa. Don mayar da abin da aka sha, farantan sola na wat 400 su ne mafi ƙaranci, ni 600 zan sa saboda hadarin Agusta da ƙurar hunturu. Cajar da ke cikin rifita kada ka dogara da ita, amfiya kaɗan take bayarwa, an yi ta ne don ƙasashen da wuta take ɗaukewa sau ɗaya a shekara. Caja mai amfiya 3 sai ta haura awa 30 kafin ta mayar da 100Ah.

Kowace rifita da fis ɗinta da wayarta tun daga kan batir. In hali ya yi, kowace da batirinta. Kuma ka kula da zafin ɗakin, domin batirin dalma an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu. Ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, kai ma ka san abin da ake ciki. Silin, tagogin iska masu raga sama da ƙasa, da inuwa a kan rufin sun fi na'urar sanyaya ɗakin da ba za ku iya ba ta wuta ba. Ragar kuma tana hana tsaka shiga, don na sha ciro ƙonanniyar tsaka daga cikin akwatin wuta. Bayan hunturu a buɗe a hure ƙurar da ta toshe fankoki, ta biyun ma har da ita, ko da ba ta yi aikin komai ba.

In nan gaba kuka haɗa gonar da ofishin Samaru ta intanet, jan biron nan zai sake aiki. Mutane suna sa layin waya biyu na kamfani daban-daban su ce sun yi maganin yankewa. A Nijeriya yawancin ƙarafan sabis kamfanonin haya irin IHS da ATC ne suke riƙe da su, kuma ƙarfe ɗaya yakan ɗauki kamfanonin waya biyu ko uku a kan injin wuta ɗaya. A bayan gari, inda ƙarfen da ke kusa da ku ɗaya ne, layinka biyu suna iya zama igiya biyu a reshe guda.

Batun takardu a taƙaice: muddin ta biyun tana kan mitocin da aka ba ku, a wuri ɗaya, kuma ba sa watsi tare, ba ka ƙara cin wata mita ba. Amma in kuka yanke shawarar kai ta wani turken dabam a kan wasu mitoci, wanda shi ne kariya mafi ƙarfi tunda tsawa ɗaya ba ta faɗa wa wuri biyu, to sai an koma wurin hukumar da ta ba ku lasisin farko. Sabon dogon turke kuma a Zariya yana buƙatar izinin tsawo daga hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama, ga filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Palladan, ɗalibai suna shawagi ƙasa-ƙasa kullum.

In ka gama haɗawa, zaɓi ranar da babu hadari, ka sanar da masu gadi, ka tura mutum ɗaya can ƙarshen gona da rediyo. Zare fis ɗin ta farko yana cikin magana, ka ƙirga daƙiƙa nawa kafin muryarsa ta dawo. Mayar. Kashe wutar gari da sola ka bar batir shi kaɗai na awa biyu kana duba bolt. Zare 'yar wayar da ke tsakaninsu da gangan ka ji abin da zai faru, don ka gane sautinsa in ya faru da gaske. Juya makunnin hannu, sannan ka sa shugaban masu gadi ya juya da kansa kana kallo. Rubuta komai a littafin da zai zauna a ɗakin. Ka maimaita zare fis ɗin sau ɗaya a wata, sannan duk wata uku ka bar ta biyu ta ɗauki aiki na mako guda cur, domin sashen watsin da bai taɓa yin zafi ba ba ka san halinsa ba.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi. A kowane oba-oba ka saita tasha ɗaya ta kai-tsaye, wadda rediyo yake magana da rediyo ba tare da rifita ba, ka sa ta a lamba ɗaya a duk rediyoyin, misali ta ƙarshe a maɓallin juyawa, yadda ko cikin duhu mutum zai murɗa har ƙarshe ya same ta. Ba za ta kai Samaru ba, 'yan kilomitoci ne a fili, amma mai gadin ƙofa zai ji na rumbu, na rumbu ya miƙa wa na bakin dam. Ka gaya musu in suka danna sau uku ba su ji rifita ta amsa ba, kowa ya koma can. Ka kuma turo min da abin da mai gyara ya ce ya ƙone a karo na biyun nan na kwana tara, da hoton inda kebul yake shiga ɗakin, in ga ko rile za mu sa ko eriya ta biyu.